Kada ki kai wa maƙeri tukuna

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin gaji tsohon kuɗin azurfa, kina so a huda shi ya zama abin wuya, kina kuma tambayar ko masu tara tsofaffin kuɗi za su ci gaba da ganinsa da daraja. Na daɗe a wannan harka, kuma shawarata ita ce ki dakata sai kin san abin da ke hannunki.

Ba shekarar da aka rubuta a jiki ce ke yanke hukunci ba. Ga liyari mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya: ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar, a Biyana, babban birnin Ostiriya, har zuwa yau, an ma taɓa bugawa a Landan da Rum da Bombai. Nauyinsa wajen giram 28 ne, kashi 83 cikin 100 azurfa. Saboda yawansa, mata a Habasha da Yaman da Oman sun daɗe suna rataya shi. In irinsa ne naki, galibi kuɗin azurfarsa ne darajarsa, hasarar ba ta da yawa.

Amma in mai wuyar samu ne, huji ɗaya ya isa ya karya darajarsa. Na sha riƙe kuɗi mai kyan tambari, rubutunsa raɗau, sai na juya na ga tabon walda inda aka taɓa liƙa masa marataya. Wallahi abin yana min ciwo, domin babu gwanin da zai mai da shi yadda yake. Ko an toshe ramin, mai ido zai gane.

Gogewa ma haka take. Wannan duhun da ya kwanta a lungunan rubutun shi ne shaidar tsufansa, masu saye kuma suna nemansa. Kada ki sa masa sinadari.

Abin da ke jan mu ga irin wannan ado shi ne kuɗin ya yi yawo a hannun mutanen da ba mu taɓa gani ba. Kamfanin Bulgari na Italiya, mai ƙera kayan ado, ya gane haka tun shekarun 1960, yana ɗaukar kuɗaɗen Girka da Rum na dā yana yi musu gida da zinariya.

Ke ma gidan za ki sa a yi: zobe da zai kama gefen kuɗin, marataya a jikin zoben, ba wuta, ba huji. Sai dai ki sani, yawan gugar fata da zufa na cinye tambari a hankali, don haka ki riƙa sa shi ranar kwalliya kawai.

Ki turo hoton gaba da baya da gefensa, da nauyinsa a ma'auni, mu duba tare.