Tambaya da Amsa: Sabon filasta ya fara tsagewa, a fasa ko a jira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Gidan marigayi mahaifinmu ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, tsohon gini na jan bulo, muka haɗa kuɗi ni da ƴan'uwana aka kankare tsohon yaɓen akayi sabon filasta da siminti a watan Afrilu, ko wata ɗaya ba'a yi ba sai ga tsaga siririya kamar gashi ta bi bango ko'ina, usta, wato maginin, yace ba komai fenti zai rufe, yayanmu kuma yace a fasa a sake. Dan Allah wanne zamu bi? Daga wata baiwar Allah, Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Gaskiya kar ku bi ko ɗaya tukuna, ku ɗan dakata.

Kinga siminti in yana bushewa motsewa yake, kuma ku a Afrilu kukayi aikin, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 ga busasshiyar iska, ga tsohon bulo da ya shekara da shekaru yana jin ƙishi, in ba'a jiƙa shi sosai ba kafin a yaɓa to shi zai zuƙe ruwan ta baya rana kuma ta zuƙe ta gaba, dole fuskar ta tsattsage. Ƙa'ida a riƙa yayyafa ma sabon filasta ruwa safe da yamma har kwana 7, kuma wallahi nan ne ake yawan cin amanar masu gida, musamman inda ruwan ma sai an saya a kuran jaki. Akwai kuma masu cika siminti suna ganin ƙarfi suke ƙarawa, alhali kwano 1 na siminti da yashi 4 zuwa 6 ya isa, in simintin ya wuce haka tsagar ma tafi yawa. Yashi mai laka shima yana jawowa, haka yaɓe mai kauri sama da santimita 1.5 a shafa ɗaya.

Ki ɗauki makulli ki bi bangon kina ƙwanƙwasawa. Inda kika ji ƙara kamar ba komai a ciki, filastan bai kama ba, wannan wurin kaɗai za'a fasa. Sauran ki sa fensir ki ja layi a ƙarshen manyan tsagogin ki rubuta kwanan wata.

Abinda yasa na nace ku jira shine ƙasarku. Baƙar lakar Gadarif kumbura take da damina ta dare da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi, shi yasa nake so bangon ya ga ruwan bana kafin ku kashe kuɗin fenti. In tsagar ta wuce layin fensir, ko ta buɗe har milimita 3, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ko kika ganta ciki da waje a wuri ɗaya, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, to magana ta koma tushen gini, ku kira injiniya ya gani da idonsa, kuma ku kauda duk ruwan indararo dana wanki daga gindin bango.

In tsagar bata motsa ba gyaran mai sauƙi ne, a ɗan buɗe bakinta da wuƙar fenti, a kakkaɓe ƙura, a cike da ma'ajun, wato ƙullin cike tsaga da ake shafawa kafin fenti, a barshi ya bushe a goge da sanfefa, sannan fenti. Inda ginshiƙin kankare ya haɗu da bulo a sa raga kafin ma'ajun ɗin. Kar usta ya dama zallan siminti ya shafa, zai sake darewa.

TAMBAYA: Malam namu a Mai Wurno ginin ƙasa ne, mun yi mishi siminti yana ta ɓantarewa. Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Ɗan'uwa siminti da ƙasa basa kama juna, kuma yana kulle damshi a ciki har bangon ya ruɓe ta baya baka sani ba. Ko ka koma yaɓen ƙasa da ake sabuntawa kafin damina, ko in lallai simintin kake so a kafa ragar waya da ƙusoshi a jikin bangon tukuna, sannan a yaɓa sirara sau biyu.