Zauren Tambaya da Amsa: Yadda Ake Shirya Bikin Wasannin Shakespeare a Farkon Ƙarni na 20

Tambaya daga wani ɗalibin adabi a Zariya: Na ji ana cewa Turawan Ingila sun daɗe suna yi wa Shakespeare biki duk shekara. A ina aka fara, kuma wa ke ɗaukar nauyi?

Malam, bikin da kake nufi na garin Stratford ne, inda aka haifi marubucin a 1564, kuma can ya rasu ranar 23 ga Afrilu 1616. Wani attajirin garin mai kamfanin giya, Charles Flower, shi ya ba da fili a bakin kogin Avon da mafi yawan kuɗin gina gidan wasa, aka buɗe shi ranar 23 ga Afrilu 1879. Gidan ƙarami ne, ba ya cin mutum dubu, kuma ba shi da 'yan wasa nasa na kansa. Ƙungiya ake gayyata daga waje. Tun daga 1886 aikin ya koma hannun Frank Benson, wani ɗan wasa mai ƙungiyarsa ta kansa, ya riƙe shi kimanin shekara 30. Jama'arsa kan yi yawon wasa gari-gari duk shekara, in Afrilu ta kama su sauka Stratford. Da farko bikin bai wuce mako guda da 'yan kwanaki ba, ya yi ta ƙaruwa har ya kai makonni uku, a 1910 kuma aka ƙara wani zango a watannin zafinsu.

Tambaya daga wata malamar sakandare a Damagaram: Ina koyar da wasan kwaikwayo, wasa ɗaya ma yakan cinye mana wata biyu. Ta yaya ƙungiya ɗaya ke canza wasa kullum a lokacin biki? Kuma me ke lalacewa?

Malama, kin taɓo inda gizo ke saƙar. A 1901 Benson ya jera wasanni shida na tarihin sarakunan Ingila cikin mako ɗaya, tun daga Sarki John har Richard na Uku. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ba a Stratford suke koyon wasannin ba. Suna zuwa da su a ka, sun riga sun yi su a garuruwa da dama, sai a ƙara ɗaya ko biyu da ba a saba gani ba domin bikin.

Aikin farko shi ne rabon matsayi. Wasannin tarihi na da mutane fiye da yawan 'yan ƙungiya, don haka mutum ɗaya kan fito a matsayi biyu ko uku. Ana zana jadawali: fitowa-fitowa a gefe, sunayen mutanen wasa a sama, a yi alama duk inda kowa ya bayyana. Ba a ba mutum matsayi biyu da za su haɗu a fitowa ɗaya, kuma dole a bar masa tazarar da zai sauya tufafi da gemu. In aka yi sakaci a nan, za ki ga wanda aka kashe yanzun nan ya dawo da saƙo, 'yan kallo su fashe da dariya a inda ake son jimami. Sai kuma jerin kwanaki: babban ɗan wasa ba zai ɗauki matsayi mai tsawo dare uku a jere ba tare da murya ta dushe ba, kuma a lokacin babu lasifika, da maƙogwaro ake kai magana kujerar ƙarshe.

Abin da ya fi lalacewa shi ne gwaji. Safiya kaɗai ake da ita, a bi wasan da za a yi da dare, a gyara shiga da fita da faɗan takobi. Sabon wasan da aka ƙara shi ke shan wuya, don kwanakinsa kaɗan ne, sai a riƙa jin muryar mai tuna wa 'yan wasa baitukan da suka manta daga bayan labule. An san ƙungiyar Benson da kuzari da tsalle-tsalle, amma masu sharhi sun sha kuka da yadda ake cinye baituka ko a sauya su.

Matsala ta biyu kayan ado ne. Zamanin na son a ga fada kamar fada, daji kamar daji. A Landan, ɗan wasa kuma mai shirya wasanni Herbert Beerbohm Tree ya gudanar da nasa bikin duk shekara daga 1905 zuwa 1913 a gidan wasa na His Majesty's, kuma ya kai ga sakin zomaye masu rai a dandamali don dajin ya yi kama da na gaske. Duk sauyin wuri sai an sauke labule, ma'aikata su ture manyan allunan zane, 'yan kallo na jira. Lokacin da aka ɓata a nan, daga rubutun marubucin ake zare shi: a yanke fitowa, a haɗe wasu, a sauya musu tsari don kada a maimaita kafa kaya. A ganinmu wannan asara ce babba, domin Shakespeare ya rubuta wa dandamali kusan fayau ne, inda magana ke gaya wa mai kallo ko dare ne ko filin yaƙi. Wani mai shirya wasanni, William Poel, ya yi ta nuna haka tun shekarun 1890, yana wasa ba tare da zanen bango ba. Da mai shirya wasanni Bridges-Adams ya karɓi bikin Stratford a 1919, sai ya bi hanyar tsakiya: labule da 'yan kaya marasa nauyi, fitowa na bin fitowa ba jira, yanka kaɗan. In za ki ɗauki darasi ɗaya ga ɗalibanki, wannan ne: rage kaya, ki tsare maganar.

Wanda ya ƙi yanka gaba ɗaya kuma sai ya nemi dabara. Wasan Hamlet ya kusa layi 4,000, yana cin fiye da awa huɗu. A 1899 Benson ya yi shi cikakke, ya raba shi biyu, rabi da rana rabi da dare.

Tambaya daga wani mai karatu a Kumasi: Shekarar 1916 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. An yi bikin cikar shekara 300 da rasuwar Shakespeare kuwa?

An yi, sai dai an taƙaita shagali. Ranar 2 ga Mayu aka yi wasan Julius Caesar a gidan wasa na Drury Lane da ke Landan gaban Sarki George na Biyar, kuma nan take sarkin ya ba Benson sarautar Sir yana cikin kayan wasa, da takobin naɗi da aka nemo don sarkin bai zo da nasa ba. Jamus, da ke yaƙi da Ingila, ita ma ta yi nata bikin, domin Jamusawa sun daɗe suna ɗaukar Shakespeare tamkar nasu, suna da ƙungiyar nazarinsa tun 1864. A littafin girmama Shakespeare da aka buga a Ingila a shekarar akwai rubutun Sol Plaatje na Afirka ta Kudu, wanda daga baya ya fassara wasu daga cikin wasannin zuwa harshen Setswana.

Tambaya daga wani mai shirya wasannin dandamali a Kano: Gaskiya ne gidan wasan Stratford ya ƙone? Yaya suka yi da bikin shekarar?

Gaskiya ne, Malam. Ranar 6 ga Maris 1926 gobara ta cinye zauren da dandamalin, ɗakin karatu da na hotuna suka tsira. Saura makonni kaɗan biki, sai aka gyara gidan silima na garin aka yi a can, kuma a nan aka ci gaba har shekara shida. An tara kuɗi daga ƙasashe da dama, kaso mai tsoka daga Amurka. Elisabeth Scott ce ta ci gasar zanen sabon gini, aka buɗe shi ranar 23 ga Afrilu 1932.

Sabon gidan ya zo da tasa matsalar, wadda ya kamata mai sana'a irin taka ya lura da ita. An bar tazara mai faɗi tsakanin dandamali da sahun farko, kujerun sama kuma sun yi nisa, 'yan wasa suka riƙa kukan cewa ba sa jin 'yan kallo, su ma 'yan kallo ba sa ganin fuska. An yi shekaru ana ƙara tsawon dandamalin zuwa gaba don rufe wannan rata. Kafin ka kama zaure, ka tsayar da ɗan wasa ɗaya a dandamali ya yi magana da muryarsa ta yau da kullum, kai kuma ka zauna a kujerar ƙarshe. In ba ka ji shi sarai ba, ka matso da kujerun ko ka rage sahu.