Me ya sa tulun Ladi Kwali yake ƙyalli, namu na gida ba ya yi?

Ɗan'uwa, ka tambayi me ya raba tukwanen matar nan da ke bayan naira 20 da randar da ke tsakar gidanku. Wuta ce, ba gini ba.

Ginin dai na Gwari ne, tun a garinsu Kwali ta koya wurin gwaggonta: a murza yumɓu a ɗora, ita maginiyar tana zagaya tukunyar, sannan ta zana kunama, ƙadangare, kada da kifi. Gashin gargajiya kuwa a fili ake yi, a lulluɓe tukwane da itace da ciyawa a cinna wuta, nan da nan an gama.

A 1954 ta shiga makarantar tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a Abuja, wato Suleja ta yanzu, mace ta farko a wurin. Can ana shafa wa tukunya ruwan ƙyalli, a jera cikin tanderu rufaffe, a yi ta zuba itace har zafin ya haura digiri 1,200. Yumɓun sai ya koma kamar dutse.

Kada fa ka saya don ruwan sanyi. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafo. Wannan ƙofofinsa duk sun toshe, ga nauyi. Na ado ne kawai.

Cardew ne ya kai kayanta Landan, aka baje su a 1958, ita kuma Ladi ta zaga Amurka a 1972 tana gini gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.