Koriyar danjar layin dogo ba taku ba ce

Tambaya: Malam gidanmu dab da layin dogo yake a Rigasa, kullum sai yarana sun tsallaka in za su makaranta, wallahi hankalina ba ya kwanciya. Maƙwabcina ya ce in danjar jirgi ta nuna kore a wuce kawai, in kuma aka ɗaga jan ƙyalle direba zai tsaya nan take. Haka ne? Sannan me ya sa ake wa goshin kan jirgi fenti ruwan ɗorawa?

Amsa: Hajiya Allah ya tsare mana su. Na fentin ba wuya, a Ingila aka yawaita shi wajen shekarun 1960 da injin dizal ya maye gurbin mai kwal, shi na dizal ba ya hayaƙi da huci sosai, sai aka sa kalar da lebura zai hango daga nesa.

Maganar maƙwabcinki kuwa ita ce ke ci min tuwo a ƙwarya, kullum sai na ji ta a bakin 'yan acaba da masu talla. Waccan danjar da DIREBA take magana, ba da ke ba. Kore na nufin hanya a buɗe take ya taho da gudunsa, wato lokacin da yaro ya ga kore ya ce bismillah ya sa ƙafa, lokacin ne ma aka ba jirgi hannu. Ruwan ɗorawa a danjar na nufin ya rage gudu don ja na gaba, ja kuma na nufin ya tsaya, kuma ko ja kika gani ba ki da tabbas, wani jirgin na iya fitowa ta ɗaya ɓangaren, ita fitilar gefe ɗaya take kallo. Su kansu 'yan reluwe sai da suka sha wuya kafin kalolin nan su zauna, da can fari ne alamar wucewa, in jan gilashi ya fashe sai direba ya ga fari ya afka.

Jan ƙyalle kuma, eh alamar haɗari ce kuma direba zai ja birki in ya gani, amma ƙarfe ne kan ƙarfe, jirgin fasinja mai gudu sai ya ci ɗaruruwan mita, na kaya ma ya haura kilomita bai tsaya ba, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. To wane ƙyalle?

Don Allah ki gaya wa maƙwabcin nan ya ji tsoron Allah ya daina fatawa kan abin da bai sani ba, rayukan yara amana ne. Ki koya musu su bi ta mashiga, wato wurin da aka tanada don tsallakawa, su cire iyafis, su duba hagu da dama, in sun ji oda su ja baya har taragon ƙarshe ya wuce.