Tambaya da amsa: Mai gyara ya ce kayana sun tsira tunda suna D, gaskiya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wallahi hankalina a tashe yake. Laftof ɗin ƙawata ta mutu da aikin digirinta na biyu a ciki, yanzu sai kuka take. Ni nawa aikin da hotunan yara duk na zuba su a D, wato sashe na biyu na ma'ajiyar laftof ɗina, kamar yadda mai gyara ya ce min. Ya isa? In bai isa ba ina son hanya mai sauƙi wadda ba sai na dinga tunawa kullum ba, don ni akwai mantuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya fito da aikin ƙawarki. Bai isa ba, kuma gara da kika tambaya tun kwamfutar na numfashi.

Hanya mafi sauƙi in Windows gare ki, ki sayi had dis na waje, wato ma'ajiyar fayiloli da ake jona wa kwamfuta da waya, ko da mai 1TB ne, ki jona, ki shiga Control Panel ki nemo File History ki kunna. Duk awa ɗaya zai dinga kwafar abin da kika canza a Documents, Pictures da Desktop muddin a jone yake, in kin cire kuma ranar da kika mayar ya ɗora daga inda ya tsaya. Amma ki lura, foldojin da kika ƙirƙira a D ba ya ɗaukarsu haka kawai sai kin saka su cikin Library, wato wurin da Windows ke tattara foldoji irin su Documents da Pictures. Masu Mac nasu Time Machine ne. Shi kuma aikin digirin ki ƙara masa wurin zama a intanet, Google Drive na ba da 15GB kyauta, OneDrive 5GB, rubutu ba ya cin data, hotuna da bidiyo ne masu ci.

Yanzu maganar D ɗin nan, wadda ta ishe ni wallahi. Kusan kullum sai an shigo min da laftof ana cewa "ai ba komai, kayan suna D". A yawancin laftof ɗin da ke hannun mutane C da D had dis ɗaya ne tal aka tsaga gida biyu. Ɗaki ɗaya ne aka raba da labule, gobara in ta tashi ba ruwanta da labule. Ranar da had dis ɗin ya fara wannan ƙarar ƙas-ƙas-ƙas, ko laftof ta faɗo daga kan gado tana kunne, ko aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙona shi, ko ɓarawo ya sure jakar a cikin a daidaita sahu, C da D tare za su tafi. Bairos ɗin nan mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ya birkita asibitocin Ingila a 2017, shi ma ba ya tsallake D, har had dis na wajen in ya tarar da shi a jone sai ya kulle, shi ya sa nake cewa a jona da yamma ya gama kwafa a cire a sa a durowa. Sababbin kwamfutoci masu SSD, wato sabuwar ma'ajiyar da ke maye gurbin had dis, kuma ko ƙarar gargaɗin babu, yau lafiya gobe shiru, ciro kaya daga cikinsa kuwa ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Amfanin D ɗaya ne, in za a sake Windows a goge C kawai kayanki su zauna. To nan masu gyaran gefen titi suka tsaya, suka mayar da shi maganin komai. Yaro ya koyi saka Windows wata biyu ya buɗe shago, ko me aka kawo masa sai ya ce fomatin, wato a goge a sake sabon Windows, bai tambayi me ke ciki ba, wani ma garin sauri ya goge fatishin ɗin, wato rabon C da D ɗin, gaba ɗaya sannan ya ce miki ai ƙaddara ce. Ku ji tsoron Allah, aikin shekara biyu na baiwar Allah amana ce aka damƙa muku. Su ne kuma za su sayar miki da filashi an rubuta 128GB da arha kamar banza, ciki bai wuce 8GB ba, sunayen fayilolin na nan ras amma ki buɗe ki ga ba komai.

Ƙawarki kuma ta daina kunna laftof ɗin, kada ta bari kowa ya saka Windows a kai, sau da yawa allon ciki ne, wato babban faifan da ke haɗa kayan cikin laftof, ya mutu, had dis ɗin lafiyarsa ƙalau, a ciro shi a jona wa wata kwamfutar a gani. Ke kuma bayan kin kunna File History, ki buɗe Restore personal files ki dawo da babi ɗaya na aikinki, ki buɗe shi ki karanta da idonki, ki dinga yin haka ko da sau ɗaya ne a wata.