Likita, dannau zai iya kashe ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mai shayarwa ce, yarona yana da wata huɗu. Kusan sati biyar ke nan dannau ya sa ni gaba. Sai in farka gab da asuba, idona biyu, ina jin kukan yaro amma ko ɗan yatsa ba na iya ɗagawa. Ƙirjina kamar an aza buhun masara, ga wani baƙin abu tsaye a bakin ƙofa. An kai ni wurin wani mai magani, ya ce daga cikin gida aka turo min. Ya ba ni turare ya ce in rufe ɗaki in yi hayaƙi, kuma a kai masa rago. Yanzu ko abincin abokiyar zamana ba na ci. Ina tsoron wata rana ya danne ni in wuce.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya mana yaro. Malama, ki kwantar da hankalinki, dannau ba ya kisa. Daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintuna, ya sake ki da kansa.

Akwai matakin barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa, wanda masana biyu, Aserinsky da Kleitman, suka gano a Jami'ar Chicago a 1953. A wannan mataki ƙwaƙwalwa takan ɗaure tsokokin jiki da gangan, don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya yi karo da bango. Wani masani, Michel Jouvet, ya nuna haka a Faransa: da ya lalata wurin da ke wannan ɗauri a ƙwaƙwalwar kyanwa, sai kyanwa ta riƙa miƙewa cikin barci tana kai wa iska cafka. To dannau shi ne hankali ya riga jiki farkawa, ɗaurin bai kwance ba. Numfashinki bai tsaya ba, domin tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana aikinsa. Tsokokin haƙarƙari ne suke ɗaure, shi ya sa idan kika nemi jan dogon numfashi sai ki ji buhun nan. Baƙin abin bakin ƙofa kuwa guntun mafarki ne ya biyo ki cikin ɗaki, ƙwaƙwalwar da ta firgita kuma ba ta rasa wanda za ta ɗora wa laifi.

Ba ke kaɗai ba ce. A 2011 wasu masana, Sharpless da Barber, sun haɗa bincike sama da 30, suka samu kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa yin dannau, a cikin ɗalibai kuwa wajen 28 cikin 100. Me ya haɗa ɗalibi da mai goyo? Barcin da ba ya isa, kuma a yanke-yanke.

Yanzu bari in zo kan mai maganin nan, don shi ne ya fi ci min rai. Da wuya sati ya fita ban ga irinki a ɗakin duba marasa lafiya ba, kuma karatun ɗaya ne: an turo, daga cikin gida ne, a kawo rago. Mutumin da bai tambaye ki awa nawa kike barci ba, bai tambayi sau nawa yaro ke tashin ki a dare ba, ya san wanda ya turo! Kuma kullum kishiya ce, ko uwar miji, ko wata tsohuwa a unguwa da ba ta da mai tsaya mata. Ban taɓa jin an ce wani mai kuɗi ne ya turo ba.

Ki ji abin da bincike ya nuna kan wannan. Baland Jalal da Devon Hinton sun kwatanta masu dannau a Masar da na Denmark, aka buga a 2013. A Masar mutane da yawa suna ɗaukar abin a matsayin farmakin aljani, a Denmark kuwa galibi suna ganin tangarɗar barci ce kawai. Sai ga shi Misirawan da ke fama da shi abin ya fi yawan dawo musu, kusan ninki uku, sun fi jin ya daɗe a kansu, sun kuma fi tsoron mutuwa. Dalilin da masu binciken suka kawo a fili yake. Wanda ya kwanta yana jiran farmaki ba ya barci mai nauyi, barcin da ya lalace kuma shi ke jawo dannau, dannau ya ƙara tsoro, a sake komawa farko. Ma'ana, ranar da mutumin nan ya ce miki turowa aka yi, ranar ya zuba wa ciwonki taki. Idan ya ƙaru kuma zai ce ragon bai isa ba.

Kada wani ya ce Likita ya musanta aljanu. Ban musanta ba, kuma ban hana ki addu'a ba. Ki yi Ayatul Kursiyyu da azkar ɗin kwanciya, hankalin da ya natsu ma ya fi samun barci. Abin da na ƙi shi ne a ɗora wa baiwar Allah sharri babu shaida. Suratul Hujurati ta gargaɗe mu cewa wani zaton zunubi ne. Kin daina cin girkinta a kan maganar wanda bai taɓa ganin ta ba, gobe 'ya'yanku su tashi da gaba, shi kuwa ya ci namansa ya kwana lafiya. Mutanen Japan ma suna da dannau, suna kiran sa kanashibari. Su wace kishiya ce ta turo musu?

Hayaƙin nan kuma ki daina daga yau. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari, kuma ita tana kisa, ba kamar dannau ba. An taɓa kawo min wata mai asma tsakar dare, leɓenta ya canza launi, mayafinta sai ƙauri yake, mijin yana rantsuwa aljanin ne ya shaƙe ta. Kasko ne ya shaƙe ta. Ke ga ki da jariri ɗan wata huɗu a ɗakin. Haka nan kada a saya miki ƙwayar barci a kemis, kina shayarwa.

Ki daina kwanciya rigingine, an fi samun dannau a haka, ki kwanta ta gefe. Idan yaro ya yi barci da rana ki kwanta tare da shi, wanke-wanke ba zai gudu ba. Ki rage shayi mai ƙarfi da goro da yamma. Idan abin ya zo kada ki yi kokawa da shi, ki bar numfashi ya tafi yadda yake, ki gwada motsa ɗan yatsa ɗaya ko ido. Ki gaya wa maigida idan ya ji kina gurnani ya taɓa ki, sau da yawa taɓawar kaɗai ke warware shi.

Amma ki zo asibiti idan barci na sace ki da rana tsakiyar hira, ko gwiwa na saki in kin yi dariya, ko ana cewa kina munshari numfashi na ɗaukewa, ko kina tashi da cizon harshe ko fitsarin kwance, ko kuma tun haihuwar nan kuka da ƙuncin rai sun ƙi barin ki. Waɗannan wasu cututtuka ne dabam, kowanne da maganinsa.

Ragon kuwa, in an riga an saya, a yanka a gida a yi miki farfesu. Ki aika wa abokiyar zamanki da nata kason.