Kowane gwaji sai a ce min taifot, wai ba ta barin jiki ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A shekarar nan sau huɗu ina zuwa gwajin jini, kuma kowane zuwa sai a ce taifot ce. Na sha ƙwayoyi, an yi min allurai har da ƙarin ruwa, amma a takardar ƙarshe ma 1:160 aka rubuta. Wai ita taifot in ta shiga jiki ba ta fita ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Tana fita. Lambar nan da kika kawo ta nuna min gwajin Widal aka yi miki, shi kuwa Widal ba ya ganin ƙwayar taifot. Sawunta kawai yake gani, kuma ganin sawun ɓarawo a tsakar gida bai nuna yana cikin ɗaki har yanzu ba.

Bakteriyar da ke kawo taifot sunanta Salmonella Typhi. A jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, kuma ta ruwa ko abincin da bayan gidan mai ɗauke da ita ya gurɓata take shiga. Duba takardarki, za ki ga harafin O da harafin H. Alamomi ne biyu da ke jikin ƙwayar: O a fatarta yake, H kuma a silin da take kaɗawa tana iyo da shi. Da zarar ta shiga, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira B sai su shaida alamomin, su fara ƙera wani furotin mai suna antibodi. Siffarsa kamar gwafa ce, hannu biyu gare shi, ya cafki ƙwaya ɗaya da wannan hannun, ya cafki wata da wancan, har su dunƙule wuri guda.

Wannan dunƙulewar ita ce duk abin da mai gwaji yake nema. Zai ɗiga ruwan jininki a kan farin faranti, ya ɗiga matattun ƙwayoyin taifot da aka rina, ya jujjuya kamar minti ɗaya. In ya ga abin ya yi gudaji-gudaji irin na madarar da ta tsinke, sai ya ce akwai. Ma'anar 1:160 kuwa ita ce an sirka ruwan jinin ninki 160 amma gudajin bai daina fitowa ba. Yawan antibodi ke nan aka auna, ba yawan cuta ba.

Wani likitan Faransa, Fernand Widal, shi ya fito da dabarar a 1896, kuma a zamaninsa babban ci gaba ne. Matsalarta a wurinmu ita ce garkuwar jiki ba ta da saurin mantuwa. Wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko da bai kwanta ba, antibodinsa kan zauna watanni, na H ma har ya fi daɗewa. To a garin da ake shan ruwan rijiya da na 'yan garuwa, mutum nawa ne bai taɓa haɗuwa da ita ba? Ki tara masu lafiya garau a kasuwa a gwada su, za a samu masu lamba irin taki. Ga kuma dangin Salmonella sun haura iri 2,500, wasunsu alamarsu ta O ɗaya ce da ta mai kawo taifot. Zazzaɓin cizon sauro ma yakan tayar da lambar, kuma daga nan ne yawancin "maleriya da taifot" ɗin da muke ji kullum ke fitowa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a gama shan magani a ce a koma Widal a ga ko an warke. Magani bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da antibodi. Ko kwalin allura nawa aka ƙarar a jikinki, lambar sai ta ga dama za ta sauka.

Akwai kuskure ta ɗaya gefen ma. Jiki yakan ɗauki kusan mako guda kafin antibodi ya taru, saboda haka mai taifot ta gaske zai iya gwaji a kwanakin farko a ce masa ba komai. Ka'idar Widal ita ce a ɗebi jini sau biyu, tsakaninsu kwana 10 zuwa 14, a ga ko lambar ta ninka sau huɗu. Wa zai zauna da zazzaɓi yana jiran wannan?

Gwajin da ke kama ɓarawon da kansa shi ne kalcha. Ana zuba jini a kwalba mai abincin bakteriya, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum, digiri 37, na 'yan kwanaki. In ƙwayar ta tsiro, an gan ta ido da ido, har a gwada wane magani ne ke kashe ta. Shi ma ba kowane mai cutar yake kamawa ba, musamman in an riga an fara shan maganin kemis, kuma ya fi tsada, sai a manyan asibitoci aka fi samunsa.

Kada ki ɗauka ina raina taifot. Zazzaɓinta kullum ƙara hawa yake, da ciwon kai da na ciki, kuma in aka bar ta ta kai mako na uku tana iya huda hanji. Shi ya sa ɓarnar magungunanta ke tsorata ni. A Pakistan tun 2016 aka samu wani nau'inta da ya gagari kusan duk magungunan da aka saba ba shi, kuma irin wannan shan magani barkatai ne ke share wa irinsa hanya.

Ki tattara takardun nan huɗu ki kai wa likita a asibiti, ki faɗa masa ainihin abin da kike ji. In kasala ce da ciwon kai ba zazzaɓi, a duba yawan jini, da sukari, da hawan jini, da fitsari. In kuwa zazzaɓi ya zo, a auna shi da ma'aunin zafi, a gwada maleriya, a ɗebi jinin kalcha kafin ki haɗiyi ko ƙwaya ɗaya.